Jaridar Karkara a Kudancin Damagaram: Tarihinta da Batun Mallakarta

Gabatarwa

Makasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin ƙananan jaridun Hausa waɗanda aka riƙa bugawa domin manoma da sabbin masu karatu, tare da duba wata tambaya wadda ba kasafai masu tsara yaƙi da jahilci suke tsayawa a kanta ba, watau wane ne mai jaridar. An zaɓi a dubi al'amarin daga ƙasar Magarya da Dungas, a kudancin jahar Damagaram, saboda dalilai biyu. Na farko, yankin yana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Nijar. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumomin biyu a haɗe sun haura mutum dubu 900, kuma Hausa ce harshen gida ko na kasuwa ga kusan kowa. Na biyu, yankin yana bakin iyaka. Mutumin Yekuwa ko Sassumburum ko Dogo-Dogo ya fi kusa da kasuwannin Daura da Kazaure da Gumel bisa ga Yamai, saboda haka tarihin abin da ya samu ya karanta ba ya fahimtuwa sai an dubi gefen iyakar duka biyu. Ya kamata a lura cewa sai a 2011 aka cire Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Duk inda aka ce ƙasar Magarya game da shekarun da suka gabaci wannan, har da Dungas ake nufi.

Abin da ya faru a kudancin iyaka

Iyakar da Turawan Faransa da na Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba ƙasar da take ɗaya ce wajen harshe da auratayya da fatauci. Sarautar Magarya tana da tsohuwar dangantaka da gidan Daura, Dungas da Waca kuwa suna cikin ƙasashen Sosebaki waɗanda Damagaram ta mamaye a ƙarni na 19. William Miles, wanda ya kwatanta ƙauyen Yekuwa da maƙwabcinsa Yardaji na ƙasar Daura a littafinsa na 1994, ya nuna yadda mulkin mallaka iri biyu ya bar alamu daban-daban a tsakanin dangi ɗaya. Sha'anin rubutu yana cikin manyan alamun nan. Faransa ba ta yarda da wani harshe a lakwal ba sai nata, kuma jaridun da aka buga a Nijar kafin samun ƴancin kai da Faransanci suke. Ingila kuwa ta mai da Hausar boko harshen ofishin En'e da na makarantar elemantare, ta kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta zama Hukumar Talifi a Zariya a hannun Dokta Rupert East.

Daga wannan hukuma ce Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta na farko. Wata-wata take fitowa da fari, sannu a hankali har ta kai tana fitowa fiye da sau ɗaya a mako. Tarihin mallakarta sananne ne, kuma a taƙaice ana iya cewa ba ta taɓa fita daga hannun hukuma ba. Daga Hukumar Talifi ta koma Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945. Daga nan ta koma kamfanin New Nigerian na gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna. Gwamnatin Tarayya ta karɓe kamfanin a 1975, ta mayar wa jihohin Arewa 19 a 2006, kuma a farkon shekarun 2010 jaridar ta daina fitowa a kai a kai. Dukiyar da take ta gwamnoni 19 ba ta samu mai ɗaukar nauyinta shi kaɗai ba.

Amma Gaskiya jaridar jiha ce baki ɗaya. Waɗanda suka fi kusa da abin da ake nufi da jaridar gari su ne jaridun larduna na Hukumar NORLA, wadda aka kafa a 1953 domin samar wa ɗaliban Yaƙi da Jahilci abin karantawa. An yi wa lardin Sakkwato Zaruma, lardin Zazzau Bazazzaga, lardin Bauci Zumunta, lardin Barno Albishir, lardin Adamawa Ardo. Biyu daga cikinsu ne suka yi iyaka da yankin da ake magana a kansa: Himma ta lardin Katsina, wanda Daura take cikinsa, da Sodangi ta lardin Kano, wanda ya haɗa da Kazaure da Gumel. A Zariya ake buga su, ta hannun En'e da azuzuwan manya suke isa ƙauyuka. Watau sunan na lardi ne, labarin na lardi ne, amma injin da takarda da albashin ma'aikata duk suna wani gari, a ƙarƙashin wata hukuma wadda mutanen lardin ba su da bakin magana a cikinta. Da aka rushe NORLA a 1959 saboda asarar kuɗi, aka mayar da ayyukanta ga Kamfanin Gaskiya, sai jaridun larduna suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Babu wani mai karatu a Daura ko Gumel da yake da hanyar ceton jaridar lardinsa, domin kuwa ba shi da ko kwabo a cikin jarinta. Wannan abu ya auku shekaru kaɗan kafin Nijar ta fara nata gwajin, kuma tsarin da Nijar ta bi bai bambanta da shi ƙwarai ba.

Jaridun Sashen Yaƙi da Jahilci

Sa'ad da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da suke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. A 1963 gwamnatin Diori Hamani ta kafa Sashen Yaƙi da Jahilci tare da taimakon UNESCO, kuma Nijar tana cikin ƙasashen farko na rainon Faransa da suka zaɓi koyar da manya cikin harsunansu. Nan da nan matsalar da NORLA ta fuskanta ta bayyana: manomi ya yi rani guda yana koyon baƙaƙe a ajin dare, damina ta faɗi ya koma gona, kafin wani rani ya zagayo hannunsa ya mutu, domin babu komai a ƙauyensa da aka rubuta cikin harshen da ya koya. Maganin da aka samo shi ne ƴar jarida. A tsakiyar shekarun 1960 aka fara Gangaa a Yamai, mai ɗauke da harsunan ƙasa fiye da ɗaya, aka kuma fara Saabon Ra'ayii a Madawa. Daga baya ofisoshin yaƙi da jahilci na sauran wurare suka fito da nasu, kamar Tarmaamun Aadar, da Kasaa May Albarkaa, da Ilimii Arzikii, da Amfaanin Kay, ban da na Zabarmanci da Barbarci da Buzanci. Ta babban garin jahar ita ce Muryar Damagaram. Nijar ta riga Mali, wadda jaridarta ta Bambaranci, Kibaru, ba ta fito ba sai 1972.

Sunayen nan kansu abin nazari ne. Mafi yawansu nasiha ce irin ta malami ga almajiri: ilimi arziki ne, karatu amfanin kai ne, a ɗauki sabon ra'ayi. Haka ma Himma ta Katsina. Suna ne da mai koyarwa yake raɗawa, ba wanda mutanen gari za su raɗa wa abinsu ba. Muryar Damagaram ce ta yi alkawarin da ya fi girma, domin sunanta yana cewa ƙasar ce take magana.

Yadda ake yin su ya nuna inda iko yake. Ma'aikacin ofishin yaƙi da jahilci shi ne edita, shi ne mai neman labari, sau da yawa kuma shi ne mai zane. Yakan buga rubutun da keken rubutu a kan takardar kakin da ake ɗaura wa injin roneyo, a juya injin da hannu, a haɗa shafuka a ɗinke su. Takarda da tawada daga kasafin ma'aikata suke zuwa, ko daga wata ƙungiyar taimako ta ƙetare. Rarrabawa kuwa tana bin motar rangadin sufeto zuwa azuzuwa. Abin da ke ciki bai wuce shawarwarin noma ba, kamar wanke iri da magani kafin shuka da tazarar ramuka, sai kiwon lafiya, da labarin azuzuwa da sakamakon jarrabawa, da tatsuniya da kacici-kacici, da wasiƙun masu karatu. Ba jaridun mako-mako ba ne. Wata-wata aka fi nufin su fito, kuma fitowar tana bin lokacin azuzuwa da kuma isowar takarda.

Idan aka ce mallakar jarida, abu huɗu ake nufi: wanda ke da injin, wanda ke biyan kuɗin takarda, wanda ke zaɓen abin da za a buga, da wanda zai iya hana ta mutuwa. Ukun farko duk na ma'aikata ne. Na huɗun kuwa ba ya hannun kowa a yankin, tun da canza wa ma'aikaci guda wurin aiki ya isa ya tsai da jarida. Abin da ya rage wa manomi shi ne shafin wasiƙu. Bai kamata a raina wannan shafi ba, domin ganin sunan mutum da na ƙauyensa a bugagge yana cikin abubuwan da suka fi riƙe sabon mai karatu. Amma wasiƙar tana bi ta hannun ma'aikacin gwamnati a zamanin jam'iyya ɗaya. An haramta jam'iyyar Sawaba tun 1959, a 1964 kuma ƴaƴanta suka yi yunƙurin shigowa da makamai ta iyakokin ƙasa, har da ta kudu. Gwamnatin da ke sa ido haka a kan ƙauyukan bakin iyaka ba za ta miƙa musu injin buga takarda ba. Wasiƙar da ta yi ƙorafi kan rijiya tana iya fita. Wadda ta taɓa lanho ko hakimi, da wuya.

Gyaɗa da lissafi

A ƙasar Magarya akwai lokacin da wannan tsari ya kusa canzawa, kuma gyaɗa ce sanadi. A shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin da take samu daga cinikin waje, Magarya da Matamai kuwa suna tsakiyar ƙasar gyaɗa. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA domin fitar da ita waje, aka kuma kafa hukumar UNCC domin bashin manoma da ƙungiyoyin gama kai. Aikin wayar da kan manoma da ake kira animasiyo, wanda cibiyar IRAM ta Faransa ta taimaka wajen tsara shi, a wannan yanki na Damagaram aka yi gwajinsa na farko. Daga 1966 UNCC ta shigo da sabon tsari, wanda Guy Belloncle yana cikin masu shawararsa: maimakon ƴan baranda da wakilan kamfanoni su saye gyaɗa, manoma da kansu za su riƙe kasuwar kaka. Ƙauyuka suka zaɓi masu awo da magatakarda daga cikinsu, aka ɗora bashin iri a kan ƙauye baki ɗaya, rarar kuɗin da ta saura bayan kasuwa ta tashi kuma a mayar wa manoma gwargwadon abin da kowane ƙauye ya kawo.

A nan ne karatu ya samu dalili wanda ba nasiha ba. Mutumin da ya daɗe yana zargin ana cutarsa a kan sikeli yana da bukatar karanta lambar da allura ta nuna. Ƙauyen da za a cire bashin iri daga rararsa yana da bukatar wanda zai bi lissafin layi-layi. Saboda haka aka karkatar da azuzuwan manya zuwa ga lissafin kasuwa, aka mai da takardun awo da na bashi cikin Hausa. Wannan ne karo na farko da rubutun boko cikin Hausa ya zama abin da ake taɓa kuɗi da shi a arewacin iyaka, kuma a karo na farko aka samu wata ƙungiya a ƙauye mai asusu, mai shugabanni zaɓaɓɓu, mai labarin da take so ya kai ga membobinta: nawa aka saya a kowace kasuwa, nawa ne bashin da bai dawo ba, nawa ce rarar bana. Duk abin da ake bukata domin jaridar gari ta tsaya da ƙafafunta ya haɗu a wuri ɗaya. Da an ware tamma ƙalilan daga rarar kowane buhu, da sun sayi takarda.

Ba a yi haka ba, kuma dalilin a fili yake. UNCC hukuma ce daban, Sashen Yaƙi da Jahilci hukuma ce daban, animasiyo ma haka. Kowace tana da shugabanta a Yamai da kasafinta. Jaridar ta zauna a matsayin kayan aji, kamar allo da alli da fitila. Har ila yau, ƙungiyoyin kansu ba su kai ga cikakken ƴanci ba, tun da gwamnati ce ke yanke farashin gyaɗa, ita ce kuma ke ba da kuɗin saye.

Akwai kuma batun sauri. John Collins, wanda ya yi nazarin cinikin gyaɗa a Magarya daga shekarun 1930 zuwa 1970, ya nuna yadda gyaɗa take tsallaka iyaka a ɓoye zuwa duk gefen da ya fi biya, gwargwadon farashin hukuma da darajar kuɗin ƙasashen biyu. Labarin da manomin Dungas ya fi ƙishirwarsa ke nan, kuma labari ne mai canzawa daga kasuwar wannan mako zuwa ta gaba. Jaridar wata-wata ba ta iya kawo shi, jaridar gwamnati kuma ba ta iya faɗarsa. Daga bakin fatake yake samuwa, da kuma rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Nijar a 1958, gidan rediyon Kaduna a 1962, a wannan shekara kuma aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo na Nijar, waɗanda suke ɗaukar muryar manoma a faifai a watsa. Tun daga farko, ke nan, jaridar karkara tana gasa da abin da ya fi ta sauri, wanda kuma ba ya bukatar a iya baƙi ko wasali.

Rubutu iri uku

Wani abin da ya rage wa jaridun nan kasuwa, wanda ya shafi masana harshe kai tsaye, shi ne ƙa'idar rubutu. Taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya ba da shawarar a riƙa ninka dogon wasali, Nijar kuma ta bi, ta haɗa da rubuta tagwan wasali da ay da aw. Shi ya sa aka ga Saabon Ra'ayii da Amfaanin Kay. Ta fuskar ilimin sauti wannan rubutu ya fi bayyana harshen, kuma yana sauƙaƙa wa mai koyo. Amma Nijeriya ba ta bi ba, alhali a can ne littattafai suke. A wannan shekara ta 1966 aka kafa kamfanin NNPC a Zariya, wanda ya ci gaba da buga Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da sauransu. Bambancin bai kai ya hana fahimta ba, amma ya isa ya sa sabon mai karatu, wanda har yanzu yake bin kalma da yatsa, ya yi tuntuɓe. Ya kuma sa jaridar Damagaram ta zama baƙuwa a idon mutumin Daura, wanda da zai iya zama mai sayenta. Sai a taron Yamai na Janairu 1980, a cibiyar CELHTO ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, aka daidaita rubutun ƙasashen biyu, aka bar ninka wasali. Shekara 14 aka yi ana koyar da manya wani rubutu wanda daga baya hukuma da kanta ta ajiye shi.

Rubutu na uku shi ne ajami. Ƙasar Magarya da Dungas ƙasar makarantun allo ce, almajiranta suna tafiya gabas da kudu neman karatu tun kafin zuwan Nasara. Masu iya rubuta wasiƙa da ajami a ƙauyukan nan sun fi masu boko yawa nesa ba kusa ba, amma a lissafin hukuma jahilai ne. A kudancin iyaka an ɗan lura da su: NORLA ta buga Alfijir da ajami, kamfanin Triumph na gwamnatin Kano kuma ya sake fito da jarida mai wannan suna a farkon shekarun 1980. Jaridun Sashen Yaƙi da Jahilci boko suka riƙe. Jaridar da take ta mutanen gari, wadda rayuwarta ta dogara ga yawan masu saye, da wuya ta juya wa mafi yawan masu iya karatu na garin baya. Wadda take ta ma'aikata kuwa aikinta shi ne ta ƙarfafa darasin da ma'aikata ta koyar.

Faɗuwa

Farin farkon shekarun 1970 ya karya gyaɗa, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa ta. Manoma suka koma ga wake da hatsi, matatar man gyaɗa ta SEPANI da ke Magarya ta rasa abin matsewa, kasuwannin kaka suka zama fanko. Da rara ta ƙare, dalilin lissafi ya ƙare. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau a watan Afrilu na 1974, ba ta yi watsi da harsunan ƙasa ba. A zamaninta aka faɗaɗa makarantun gwaji masu koyarwa da harshen uwa, waɗanda aka fara da ta garin Damagaram a 1973, aka kuma buɗe cibiyar horar da ma'aikatan yaƙi da jahilci a Yamai a 1977. A Damagaram shirin raya karkara na 3M, watau Mirya da Magarya da Matamai, ya ci gaba da ɗaukar nauyin horar da manoma da kuɗin Turai. Sai dai wannan ya ƙara wa jaridar karkara ubangida ne kawai: bayan ma'aikata, ga kuma shiri mai wa'adin shekaru, wanda ranar da ya rufe ofishinsa takarda take yankewa.

Gwajin da ya fi kusa da miƙa wa ƙauye abinsa shi ne na ɗakunan karatu na ƙauye da ƙananan maɗaba'un ƙauye, inda ake ba waɗanda suka sauke karatu wani ɗan akwatin katako mai raga, a shimfiɗa takardar kaki a kai, a mulmula tawada da hannu, su buga shafi ɗaya ko biyu na labarin garinsu. Injin ya zo ƙauye, zaɓen labari ma ya zo ƙauye. Amma takardar kaki da tawada ba a sayar da su a kasuwar Bande ko ta Malawa. Da kuɗin yuraniyom ya ja baya a farkon shekarun 1980, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, aka rushe UNCC a tsakiyar shekarun, SONARA ma ta bi baya. Rage darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ya ninka tsadar duk abin da ake shigowa da shi, takarda da tawada suna ciki.

Bayan 1990

Jaridar farko mai zaman kanta ta wannan zamani, Haské ta Ibrahim Cheick Diop, ta fito a Yamai a watan Mayu na 1990. Sunan Hausa ne, rubutun Faransanci. Haka mafi yawan waɗanda suka biyo bayan Taron Ƙasa na 1991 suke: na masu zaman kansu ne, amma a babban birni suke, da Faransanci, domin ma'aikata da ƴan siyasa. Aïr Info, wadda Ibrahim Manzo Diallo ya kafa a Agadas a 2002, ta nuna jaridar jaha mai zaman kanta tana iya rayuwa nesa da Yamai. Ita ma da Faransanci take. A Mali an ga wata hanya, inda ƙungiyar gama kai ta Jamana ta fito da Jɛkabaara cikin Bambaranci a 1986, tana dogara ga manoman ƙasar auduga, waɗanda ƙungiyoyinsu suke da lissafin da za su riƙe da kuɗin da za su saya. Auduga ta yi wa Mali abin da gyaɗa ba ta daɗe ba balle ta yi wa Magarya.

A karkarar Nijar, gurbin da aka so jarida ta cike rediyon al'umma ne ya cike shi, tun daga na Bankilare a 1999. Abin sha'awa ga wannan bincike shi ne tsarin mallakarsu: bisa ƙa'ida ƙungiyar mutanen gari ce ke riƙe da gidan rediyon, da kwamitin gudanarwa, kuma sanarwar aure da suna da cigiya da gaisuwa suna kawo ɗan kuɗin shiga. Da yawansu suna fama da lalacewar kayan aiki da rashin albashi, amma tambayar wane ne mai shi tana da amsa a cikin garin. Wayar salula ma, da saƙon murya na WhatsApp, ta bi sawun rediyo wajen kewaye rubutu.

Abin da jaridun roneyo suka bari shi ne shafukansu, kuma nan ma batun mallaka ya biyo su. Tun da kayan ofis ne, a ofis aka ajiye su, takardar kuwa mai arha ce, ba ta jure gara da ɗanshi. Ga mai nazarin harshe suna cikin shaidun farko na rubutaccen zube cikin boko da karin harshen wannan yanki, da kalmomin da ya aro daga Faransanci irin su lakwal da mushe da lanho da kaso, da lissafin tamma da dala da jika, da kuma yadda sabon marubuci yake raba kalmomi kafin ƙa'ida ta zauna masa. Tattara su da ɗaukar hotonsu aiki ne da ya fi gaggawa bisa ga yawancin abin da ke cikin jadawalin bincike.

Kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Manyan da suka iya karatu a Nijar kuwa ba su wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku ba, saboda haka maganar abin da sabon mai karatu zai karanta za ta sake tasowa a teburin masu tsarawa, maganar jaridar gari kuma tare da ita. Dokar jarida ta 2010 ta tanadi cewa kafin jarida ta fito sai an kai sanarwa gaban mai gabatar da ƙara na gwamnati, da sunan jaridar, da sunan daraktan da zai amsa laifinta, da maɗaba'ar da za ta buga ta. Gundumar Magarya tana da ƙananan hukumomi 7, ta Dungas tana da 4, kuma tun bayan zaɓen 2004 su ne hukumomin da suka fi kusa da ƙauye masu kasafin kansu. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisunsu zaɓaɓɓu, aka naɗa kantomomi a madadinsu.